Malamin Makaranta a Majalisar Kaduna

  Masu saurare, yau a shirinmu na faɗakarwa zancenmu a kan ɗan majalisar jiha yake, da irin abin da kujerarsa take iya haifarwa idan Allah ya nufa ta faɗa hannun wanda ya san nauyinta. Tun da yake misali ya fi wa'azi saurin shiga kunne, za mu ɗauko mutum guda ne mu bi sawunsa, mu ga yadda ya shiga majalisa, da abin da ya yi a ciki, da yadda ya fita.

Wanda yake da takardar naira biyar a aljihu, ko da yake na san yau ko ruwan leda ba ta saya, ya fito da ita ya dubi fuskar da ke kai. Yaran makaranta duk sun san sunan mai ita, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun san shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, sun san an kashe shi a juyin mulkin watan Janairu na 1966, waɗansu ma malamansu sun kai su sun ziyarci kabarinsa a Bauchi. Abin da ba kasafai ake gaya musu ba shi ne, tun kafin Ikko ta san muryarsa, tun kafin Turawa su yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, mutumin nan ɗan majalisa ne a Kaduna, wakilin lardin Bauchi a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa. A tuna kuwa, a bakin mutanen wancan zamani kalmar jiha tana nufin larduna goma sha biyu ne gaba ɗaya, daga Sakkwato har Barno, daga Katsina har Kabba da Ilori. A nawa ganin, kuma ina roƙon masana tarihi su yi mini afuwa in na zarce, aikin da ya yi a wannan kujera ya fi taɓa rayuwar talaka kai tsaye bisa ga ayyuka da yawa da ya yi bayan ya zama shugaban gwamnatin ƙasa.

An haife shi a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Lere ta masarautar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu ɗan Zala ma'aikaci ne a gidan hakimi, ba ɗan sarauta ba, kuma wannan abu ne da ya kamata mai saurare ya riƙe, domin zai yi mana amfani a gaba. Yaron ya yi karatun allo, ya yi elementare, ya wuce makarantar lardi a Bauchi, daga nan aka tura shi Kwalejin Katsina a 1928, inda ya tarar da Ahmadu Bello yana gabansa da shekara biyu. Da ya gama a 1933 sai ya komo Midil ta Bauchi ya kama alli, ya yi ta koyarwa har ya zama hedimasta, kuma a farkon waɗannan shekaru ne ya rubuta littafinsa Shaihu Umar don gasar ƙagaggun labarai da aka shirya a Zariya. A 1945 ya tafi Landan ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa, ya dawo a 1946 aka ba shi duba makarantu. Iyakar guzurinsa ke nan: ba dukiya, ba gadon sarauta, sai Turanci mai tsabta, da natsuwa, da ido wanda ya daɗe yana kallon yadda ake mulkin ƙauye.

To, wane irin mulki ne ya gani? Matasa da yawa a yau suna jin tsofaffi suna cewa zamanin En'e, ba su san abin da kalmar ta ƙunsa ba. Bayan da Turawa suka ci ƙasar nan, suka ga ba su da yawan da za su riƙe ta da hannunsu, sai suka bar sarakuna a kan gadajensu, suka mai da kowace masarauta hukuma mai baitulmalinta, da 'yan dokarta, da kotunan alƙalanta, da gidan yarinta, suka sa Razdan a kan lardi da Di'o a ƙarƙashinsa suna ba da abin da ake kira shawara, alhali kowa ya san shawarar da ba a iya ƙin karɓa umurni ce. Haraji da jangali suna tasowa daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa baitulmali, umurni kuma yana gangarowa ta wannan tsani har ya sauka a kan manomi. Babbar mas'alar kuwa ita ce, a manyan masarautu doka ta ɗauki sarki shi kaɗai a matsayin hukumar, ta yadda majalisarsa, da Waziri da Galadima da Madaki da sauran waɗanda a da sarki ba ya yanke babban al'amari sai da su, suka koma masu ba da ra'ayi kawai, in an ga dama a ji, in ba a ga dama ba a tashi. Sarki ya daina tsoron masu zaɓen sarki da malamai da bakin jama'a, tsoronsa ya tattaru wuri guda, watau gidan Razdan da ke bayan gari.

Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan ba shi ne tsarin da magabata suka rubuta ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Diya'ul Hukkami a Kano musamman don ya nuna wa masu mulki haddodinsu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa, Shehu Usmanu kuwa a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa ta'adodin zalunci na sarakunan da suka gabace shi, har ya ambaci gaisuwa da sunanta na Hausa, watau kyautar da na ƙasa yake kai wa na sama don neman biyan bukata. Abin mamaki da ban takaici, bayan shekara ɗari da ɗoriya sai ga gaisuwar nan ta dawo ta zauna daram, ta sami ofis da teburi da malami mai rubutu.

Bari in kawo muku abin kusa, daga gidanmu. Kakana, Allah ya jiƙansa da rahama, yana da wani gwangwanin taba wanda ya yi tsatsa, da yake rataye shi a jikin azara can sama inda yara ba sa kaiwa, ba kuɗi a ciki, ba laya, sai takardun haraji, kowace shekara da tata, a naɗe da zare. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya sa yake tattalinsu haka alhali ba ya iya karanta boko, sai ya ce wata shekara, kafin ya sami gwangwanin, gara ta cinye masa takarda a cikin tukunya, masu karɓa suka dawo bayan wata biyu suka ce su ba su ga sunansa ba, dole ya sayar da akuya mai ciki ya sake biya. Ya ɗauki kaji biyu ya yi tafiyar yini zuwa garin hakimi don ya kai kuka, fadawa suka karɓi kajin a ƙofar zaure da fara'a, suka ce ranka ya daɗe yana hutawa, ya dawo jibi. Ya koma sau uku, bai ga hakimi ba, bai kuma ga kajinsa ba. Da yake ba ni labarin yana dariya ne, amma har ya rasu in ya ga mutum da jar hula ya nufo ƙofar gida sai ya miƙe tsaye. Irin waɗannan mutane ne Malam Abubakar yake haɗuwa da iyayen ɗalibansa a cikinsu kowace rana.

Bauchi ta shekarun Yaƙin Duniya na Biyu kuwa gari ne da Allah ya tara wa masu baki. Malam Sa'adu Zungur yana nan, malami masanin Larabci da Turanci wanda harshensa ya fi aska, Malam Aminu Kano ya zo yana koyarwa a Midil ɗin da Malam Abubakar yake, kuma a 1943 aka buɗe wani zauren tattaunawa inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke zama su yi muhawara a kan al'amuran ƙasa. Zauren bai yi tsawon rai ba, domin tambayoyin da ake yi a ciki sun fara kai wa inda ba a so, har Malam Aminu ya tambayi da wane ma'auni ake yanka albashin sarakuna. Mutanen nan uku sun yi ittifaƙi a kan cewa akwai cuta, saɓaninsu a kan magani ne. Biyu suna ganin gini ya ruɓe tun daga tushe, na ukun yana ganin a yi masa yaɓe da sabuwar azara tun kafin damina ta kayar da shi a kan mutanen gida.

Ana cikin haka sai tsarin mulkin Gwamna Richards ya zo, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1947, ya ba kowace jiha majalisa, ya ba Arewa biyu, ta Sarakuna da ta Wakilai. Kada mai saurare ya zaci majalisa ce irin ta yau. Babban Razdan ne shugabanta, kusan rabin kujerun na manyan ma'aikatan gwamnati ne Turawa, mutum goma sha huɗu hukumomin En'e suke tsamowa daga cikin mutanensu, Gwamna ya naɗa waɗansu kaɗan don su wakilci sassan da ba su sami wakili ba, talaka kuwa ba a tambaye shi ba ko da wasa. Ba ta da ikon zartar da doka, iyakarta ta duba kasafin kuɗi da dokokin da aka kawo mata ta faɗi ra'ayinta, sa'an nan ta zaɓi mutum biyar daga cikinta su tafi Majalisar Dokoki ta Ikko. En'e ta Bauchi ta tsamo Malam Abubakar, 'yan'uwansa kuma suka sa shi cikin biyar ɗin nan tare da su Aliyu Makaman Bida da Yahaya Ilori. A 1949, bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas, Sardauna Ahmadu Bello ya shigo majalisar ya same shi.

Ku dubi wannan zauren da idon basira. Galibin 'yan ƙasar da ke zaune a ciki waziri ne, ko ma'aji, ko hakimi, ko babban malamin En'e, albashinsu daga baitulmali yake fitowa, wanda ya aiko su kuma yana iya ƙin sake aiko su, in ma bai yi abin da ya fi haka ba. Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka abin da aka saba ji shi ne roƙon rijiya, da roƙon gada, da godiya ga Gwamna, abubuwa masu amfani a wurinsu amma waɗanda ba sa ɓata wa kowa rai. A watan Janairu na 1950 an yi babban taro a Ibadan a kan sabon tsarin mulki, inda wakilan Arewa, har da Malam Abubakar, suka kafe sai an ba jiharsu rabin kujerun majalisar tarayya, aka kuwa ba su. Wannan nasara ita ta ƙara masa damuwa, domin ya ga Arewa za ta shiga zamanin ƙuri'a da rinjayen kujeru alhali a cikin gida mutum ba ya iya kai ƙarar dagacinsa. Ranar 8 ga Agusta na shekarar waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, da kiran a raba talakawa da mulkin danniya ɗungurungum.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, ranar 19 ga Agusta 1950, wakilin Bauchi ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙuduri. Lafazin ƙudurin mai ladabi ne ƙwarai: majalisa tana roƙon Gwamna ya naɗa hukuma mai zaman kanta wadda za ta binciki tsarin mulkin En'e a lardunan Arewa, ta ba da shawarar yadda za a gyara shi ya dace da zamani, a kuma ba jama'a cikakkiyar dama su tattauna rahoton kafin a yanke hukunci. Amma jawabin da ya biyo bayan wannan ladabi, ba a taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Arewa a gaban Razdan-Razdan da wakilan sarakuna ba. Ya nuna cewa tsarin da Gwamna Lugga ya kafa ya yi amfaninsa a lokacinsa, amma ya daɗe da wuce wa'adi har ya zama shi ne babban abin da ya tare hanyar ci gaba. Ya tuhumi ƙa'idar da ta mai da sarki shi kaɗai hukuma, ya ce ba ta da asali a ta'adar ƙasar, ya nemi a kawar da ita a mai da wa majalisun sarakuna ƙarfinsu, a kuma buɗe su ga mutanen da ba 'yan fada ba. Ya koka cewa daga dagaci har hakimi har Di'o ba wanda aka rubuta wa iyakar ikonsa, balle talaka ya san haƙƙinsa, kuma duk inda iyaka ta ɓace mai ƙarfi ne yake shata ta da ƙafarsa.

Daga nan ya taɓo inda ya fi ciwo, watau cin hanci da rashawa, ya bayyana cewa sun ratsa kowane mataki da kowane ofis, har mutum ba ya samun abin da yake haƙƙinsa ne sai ya miƙa wani abu, kuma al'adar kai gaisuwa ga na sama ita ce take tilasta wa na tsakiya ya tatsi na ƙasa, domin hakimin da ake jiran ya kai doki ba daga gonarsa zai tsiro da dokin ba. Ya nemi a riƙa ɗaukar ma'aikata bisa cancanta, a horar da su, a sa ido a kan baitulmali, a gyara kotuna, a kafa majalisun ƙauye da na gunduma inda manomi zai buɗe baki, a kuma wayar da kan jama'a, domin wanda bai iya karanta takardar harajinsa ba kullum abincin mai wayo ne. Turawan mulki ma bai bar su ba, tun da su ne suka gina wannan tsari suka kuma rufe ido ga ɓarnarsa muddin haraji yana shigowa cif kuma gari yana lafiya.

A nan ne nake so mai sha'awar zama ɗan majalisa ya kasa kunne, don hikimar tana cikin yadda aka jera maganar. Malam Abubakar bai kama sunan sarki ko hakimi ko guda ba, bai nemi a rushe sarauta ba, hasali ma ya gabatar da gyaran ne a matsayin hanyar da sarakuna za su tsira da martabarsu a zamanin da ke tafe, irin abin nan da ake cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bai kuma tsaya ga kuka ba, ya nemi abu ƙayyadadde wanda majalisar take da hurumin nema, wanda za a iya jefa ƙuri'a a kansa a ce an yarda ko an ƙi. Malamanmu na fiƙihu suna rarrabe tsakanin mai nasiha da mai tozartawa, suna cewa sharaɗin hani ga mummuna shi ne kada hanin ya haifar da ɓarnar da ta fi wadda ake hanawa, kuma ko bai ambaci wannan ƙa'ida ba, a kanta ya taka. Da ya yi ashar, da 'yan'uwansa ma'aikatan En'e sun sami hujjar gudu daga gare shi. Da yake ya zo da hujja cikin murya mai sanyi, sai kunya ta hana da yawa daga cikinsu su musanta abin da kowa ya sani. Aka jefa ƙuri'a, ƙudurin ya haye da ƙyar.

Hayewar ƙuduri daban, aiki da shi daban. Gwamnati ba ta naɗa hukuma mai zaman kanta da ya roƙa ba, sai ta ɗauko jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuto rahoto, sa'an nan aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu, inda sarakuna da kansu suke zaune, don ya duba abin da za a yi. Fadoji da yawa ba su ji daɗi ba, waɗansu suna ganin ɗan bara ya yi wa iyayen gidansa tsaurin ido. Duk da haka dutsen da ya jefa bai faɗi banza ba. A 1952 aka yi dokar da ta kawar da matsayin sarki shi kaɗai a hukuma, aka mai da shi sarki a cikin majalisarsa, a 1954 aka yi babbar Dokar En'e wadda ta tattara ayyuka da iyakokin kowa a rubuce, ta kuma ba da hurumin kafa majalisun gunduma da na ƙauye da na gari. A cikin shekarun nan ne aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, manya masu gemu suka zauna a kan tabarma da yamma suna koyon a, ba, ca, hukumar NORLA a Zariya tana buga musu ƙananan littattafai da jaridun larduna. Gadon sarauta kuma ya daina zama wurin da ba a tambaya: Lamiɗon Adamawa Ahmadu ya sauka a 1953, Sarkin Bauchi Yakubu na Uku ya sauka a 1954.

Adalci ya wajabta mu faɗi abin da masu sukarsa suka ce, domin suna da hujja. Mutanen NEPU suna ganin gyaran nan fenti ne a kan tsohon bango, kuma abin da ya faru a zaɓen 1951 ya ƙarfafa musu gwiwa, don zaɓe ne mai hawa-hawa, daga ƙauye zuwa gunduma har zuwa lardi, inda aka ba En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, sai ga 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano amma ko ɗaya bai kai Kaduna ba. A shekarar ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa, Malam Abubakar yana cikin manyanta, ita kuwa jam'iyyar da ƙafafun En'e ta yi tafiya, kuma 'yan doka da kotunan alƙalai sun ci gaba da wahalar da 'yan hamayya har ƙarshen Jamhuriya ta Farko; wanda yake shakka ya tambayi tarihin Hajiya Gambo Sawaba da yawan shigarta kurkuku. Ni dai abin da na fahimta shi ne, mutumin da ya yi jawabin 1950 yana da 'yancin da ministan 1952 ba shi da shi, domin na farko ba ya riƙe da kome sai gaskiyarsa, na biyu kuwa yana bukatar hakiman nan su kawo masa ƙuri'a.

Zamansa a majalisar Kaduna bai kai shekara goma ba. Ya zama Ministan Ayyuka a Ikko a 1952, da tsarin mulkin 1954 ya raba wakilcin jiha da na tarayya sai shi ya tsaya a Ikko, Sardauna ya zauna a Kaduna ya zama Firimiya, a 1957 kuma aka naɗa shi Firayim Minista. Ragowar labarin yana cikin littattafan makaranta. Ita En'e ta rayu bayansa: gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannunta a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babinta, a 1979 kuma gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu.

Yau jihohi 36 ne, kowace da majalisar dokokinta, kuma tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade kada wakilai su gaza 24 kada su wuce 40, shi ya sa Kano take da 40, Zamfara take da 24. Tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takara. Wakilin yau jama'a ne suka zaɓe shi, yana da ikon yin doka, ba a taɓa kuɗin jiha sai majalisarsa ta amince da kasafi, ba a naɗa kwamishina sai ta tantance shi, tana iya kiran kowane jami'i ta bincike shi, har gwamna tana iya tsigewa, kamar yadda ta Kaduna ta yi wa Balarabe Musa a watan Yuni na 1981 bayan ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa tun daga farko. Al'amari ya juya har ya kai majalisar da a da sarakuna suke aika mata wakilai ita ce yanzu take yi wa masarautu doka, kamar yadda muka gani a Kano, inda dokar 2019 ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, dokar watan Mayu na 2024 kuma ta warware ta, kowace a cikin 'yan kwanaki. Ko kashi ɗaya cikin goma na wannan iko Malam Abubakar bai riƙe ba.

Mas'alar da ya tayar kuwa, watau wa yake mulkin ƙauye kuma wa yake tambayarsa, tana nan a kan teburin 'yan majalisun jihohi, domin tsarin mulki su ya ɗora wa yin dokar da ƙananan hukumomi suke tafiya a kanta. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa, gwamnoni suna rushe zaɓaɓɓun shugabanni suna naɗa kantomomi, majalisu da yawa suna sa hannu ba tare da muhawara ba, har sai da gwamnatin tarayya ta kai ƙara Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Maganar da ya kamata ta fito daga bakin wakilin mazaɓa, sai ga shi alƙalai ne a Abuja suka faɗe ta. Mu ma masu zaɓe muna da namu kason, don in ɗan majalisa ya zo gida abin da muke tara masa a ƙofa shi ne takardar asibiti, da kuɗin makaranta, da ragon suna, da buhun takin zamani, ba kasafai ake samun wanda zai tambaye shi wane ƙuduri ya kawo bana ba, ko yaya ya yi da aka zo kasafin kuɗin rijiyoyin ƙauyenmu. Gaisuwar da kakana ya kai da kaji biyu ta juya ne kawai, yanzu daga sama take gangarowa a lokacin zaɓe.

Ginin Lugard Hall, wanda ya zama mazaunin majalisun Jihar Arewa, yana nan a Kaduna da ƙubbarsa, kuma a cikinsa Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take zama har gobe. Gwangwanin kakana kuwa yana hannuna. Na buɗe shi jiya da dare da nake shirya wannan magana, na ƙirga takardu 31, ta ƙarshe ta 1978 ce, zaren da ya ɗaure su da shi ya tsinke tun tuni.